Ruwa zalla ya isa, ko sai an haɗa da gishiri da abinci? Muhawara kan ƙarancin ruwa a jiki

Masanin Abinci:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, ina so mu raba su. Kare jiki daga ƙarancin ruwa daban, maido da ruwan bayan ya zube daban. Mai lafiya da yake cin abincinsa yadda ya saba, ruwa zalla ya ishe shi, domin ɗan gishirin da yake fita ta gumi da fitsari abinci ne yake mayar masa. Amma wanda gudawa ko amai ko gumi mai yawa ya tsotse, ba ruwa kaɗai ya rasa ba, har da sodiyam da potasiyam. In aka yi ta ɗura masa ruwa zalla cikinsa babu abinci, an ƙara tsinka ɗan gishirin da ya rage a jininsa ne, ƙishirwa ta kwanta tun jiki bai cika ba, ƙoda kuma ta zubar da wani kaso na ruwan. Matsayina shi ne, duk shawarar da ta tsaya a kan "ka sha ruwa da yawa" rabin shawara ce. Wanda yake da ja, bismillah.

Nas Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam Malam. Ba ni da ja, sai ƙari. Dalilin da ya sa ake haɗa sukari da gishiri ba don ɗanɗano ba ne. A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ba ta wucewa da sodiyam sai tare da gulukos. Idan sun shiga tare, ruwa ya bi bayansu zuwa jini. Abin sha'awa, wannan ƙofar tana ci gaba da aiki ko da ana cikin gudawa mai tsanani, har kwalara. Shi ne duk sirrin ORS, wato garin gishiri da sukari na fakiti da ake haɗawa da ruwa a ba mai gudawa.

Mai Harhaɗa Magani:
Tunda an ambaci ORS bari in kawo abin da ke cikin fakitin, don mutane su daina ɗaukarsa gishiri da sukari kawai. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar, na lita ɗaya: gishiri giram 2.6, gulukos giram 13.5, potasiyam kulorayid giram 1.5, sai sitiret giram 2.9. Jimla giram 20.5. Tsohon haɗin ya fi wannan gishiri da sukari, kaurinsa, wato ma'aunin yawan sinadaran da suka narke a cikinsa, 311 ne, a farkon shekarun 2000 aka rage shi zuwa 245 saboda an ga yara sun fi samun sauƙin amai da yawan bayan gida da mai sauƙin, kuma buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ta ragu. Potasiyam ɗin yana maye gurbin wanda gudawa ta kwashe, sitiret kuma yana gyara tsamin da jini yake yi idan an daɗe ana zawo. Waɗannan biyun babu su a haɗin gida, shi ya sa ni ban cika son a riƙa koya wa mutane haɗin gida ba.

Nas Mai Aikin Dare:
A nan kam mun rabu, Malam. Gudawa ba ta jiran gari ya waye a buɗe kantin magani. Yaron da ya fara zawo da tsakar dare, awa shida ba ƙaramin lokaci ba ne a jikinsa. Gara uwa ta san haɗin gida daidai da ta zauna hannu rabbana. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce in ana shakkarsa, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Duka a shafe bakin cokalin, ban da tsororuwa. A motsa har ya narke, a ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. A rufe, in ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Mai Harhaɗa Magani:
Malama, a rubuce yana da sauƙi. Matsalar tana hannun mai aunawa. Cokalin shayi na ainihi mililita 5 yake ɗauka, amma cokulan da ke gidaje kowanne da girmansa. Wata ta ɗauki cokalin cin abinci, wanda ya ninka shi har sau uku. Wani ya juya lissafin, ya sa gishiri shida sukari rabi. Wani kuma ya auna lita da ido. Gishiri in ya yi yawa, sodiyam ya hau a jinin yaro, ruwa ya fito daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, abin ya kai ga jijjiga. Sukari in ya yi yawa, shi ne yake jawo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Kuskure ta kowane ɓangare yana da haɗari.

Masanin Abinci:
Dukanku kuna da gaskiya, sai dai ina ganin fakitin ma bai tsira daga wannan kuskuren ba. Akwai na lita ɗaya, akwai na rabin lita, akwai na mililita 200, kuma mutane ba sa karanta jikin takardar. Wanda ya zuba fakitin lita ɗaya a kofi ɗaya ya haɗa guba da hannunsa. Haka mai ɗiban rabin garin ya ajiye rabi, domin sinadaran ba lalle su rabu daidai ba. A zuba fakitin gaba ɗaya cikin ruwan da aka rubuta, kuma kada a haɗa shi da madara ko lemo ko a ƙara masa sukari wai don yaro ya karɓa. Hanya mai sauƙi ta auna lita: gorar ruwa mai rabin lita, cike sau biyu.

Wani ɗan lissafi ga masu son sani: cokali shida na sukari wajen giram 25 ne, kuma sukarin gida rabinsa ne kawai yake zama gulukos a hanji. Ka ga an dawo kusa da 13.5 ɗin fakiti. Ba da ka aka zaɓi shida ba.

Likitan Yara:
Na zo a makare, na karanta daga sama. Mu tsayar da ita haka: fakiti shi ne na farko, a ajiye shi a gida tun kafin a buƙace shi, haɗin gida kuma gada ce kafin a samu fakiti. Malam mai magani, kada mu raina abin da hannun mutanen gida zai iya. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da gulukos a manyan duro, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace ta sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Abin da ba a taɓo ba shi ne yawan da za a bayar, kuma a nan ake fi faɗuwa. Yaron da ke gudawa amma bai nuna alamar ƙarancin ruwa ba: ƙasa da shekara 2, mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200, wanda ya haura haka ya sha iya son ransa. In alamu sun fara bayyana, wato ido ya faɗa, yaro yana ta rigima, yana shan ruwa da haɗama, fatar ciki in an tsunkula tana jinkirin komawa, to lissafin ya canza: mililita 75 a kan kowane kilo na nauyinsa, cikin awa 4. Yaro mai kilo 10 ke nan mililita 750, kuma an fi so a yi wannan a gaban ma'aikacin lafiya don a sake duba shi bayan awa huɗun.

Uwar Biyu:
Likita, ranka ya daɗe, tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ta amai. Ana ba shi yana dawo da shi, sai a ce ba ya karɓa, a daina.

Likitan Yara:
Hajiya, yawanci ba ruwan ne ciki ya ƙi ba, yawansa ne a lokaci guda. Yaro mai ƙishirwa in an miƙa masa kofi zai shanye, cikin da ke a hargitse ya cika, ya dawo da shi. In ya yi amai a dakata minti 10, sannan a koma da cokali, cokali ɗaya duk bayan minti biyu ko uku. In ya zauna, a matso zuwa cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu. Kamar wasa ne, amma cokalin shayi ɗaya a kowane minti ya zama mililita 300 a awa. Kuma ko ya yi aman, ba duka yake fitowa ba, wani ya riga ya wuce hanji. Sirinji marar allura ma yana aiki, a riƙa ɗiga masa ta gefen kunci.

Inda ba a tsayawa gwaji a gida: yaro ya yi laƙwas ko yana wuyar tashi daga barci, ya kasa sha ko kama nono, fatar da aka tsunkula ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, maɗigar jariri ta lotsa sosai, jini a bayan gida, ko ya shafe awa shida zuwa takwas babu fitsari. Wannan na asibiti ne, wataƙila sai ƙarin ruwa ta jijiya. A hanya a ci gaba da ba shi da cokali in yana iya haɗiya.

Masanin Abinci:
Yanzu mu zo kan abinci, inda nake ganin aka fi ɓarna. Tsohuwar fahimta ita ce a hutar da ciki, a hana mai gudawa abinci har ta tsaya. Wannan kuskure ne. Ƙwayoyin bangon hanji daga abincin da ke wucewa suke samun abin gyara kansu, in an yi musu yunwa warkewa ta yi jinkiri, yaro ya rame, gudawa ta gaba ta same shi a raunane. Da zarar an gama awa huɗun maido da ruwa, a koma abinci. Kaɗan-kaɗan, sau shida a rana ko fiye: shinkafa mai laushi, dankali, hatsin da aka dama, ƙwai, kifi ko nama da ya dahu sosai, wake da aka murƙushe, a sa ɗan cokalin mai a ciki don ƙarfi. Ayaba tana da amfani saboda potasiyam, wajen miligiram 350 a giram 100, kuma ita ce take cike giɓin da Malam mai magani ya ce haɗin gida yana da shi. Romo mai ɗan gishiri da ruwan dafuwar shinkafa mai ɗan gishiri su ma ruwa ne mai kyau. Bayan gudawa ta tsaya, a ƙara wa yaro ci ɗaya a kan wanda ya saba kullum har mako biyu, ya maido da abin da ya zube.

Nas Mai Aikin Dare:
Kuma nono ba a tsayar da shi ko na awa ɗaya. A ƙara yawan shayarwa ma. Jaririn da bai kai wata shida ba, in lafiyarsa ƙalau, ba ya buƙatar ruwa ko ana tsananin zafi, domin nonon uwa kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne. Ruwa zalla a wannan shekarun yana cika masa ciki ya rage shan nono, yana iya kawo ƙwayoyin cuta, kuma ƙodarsa ba ta yi ƙwarin fitar da rarar ruwa ba. In yana gudawa, nono da ORS, shi ke nan. Mai shan madarar gwangwani kuma kada a tsinka masa ita, a haɗa yadda aka rubuta.

Mai Harhaɗa Magani:
Kada a manta da zink. Adadin da aka daɗe ana bayarwa shi ne miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ƙasa da wata shida miligiram 10. Yana rage tsawon gudawar da tsananinta, yana kuma rage dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Kuskuren da aka saba: gudawa ta tsaya a kwana na uku, a ajiye maganin. A ƙarasa kwanakin. In yana tayar da zuciya a ba shi bayan an ci abinci. Maganin tsayar da zawo irin lofaramayid kuwa ba na ƙananan yara ba ne sam, ba ya maido da ruwa, hanji kawai yake kwantarwa.

Mai Horar da 'Yan Gudu:
Duk kun karkata kan yara da gudawa. Bari in jawo ku wajen gumi, don lissafinsa daban ne. Mai aikin ƙarfi ko motsa jiki a cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma kowace lita ta gumi tana tafiya da sodiyam wajen giram ɗaya, wani ƙasa da haka, wani sama sosai. Wanda rigarsa take yin farin zane in ta bushe, yana cikin masu zubar da gishiri da yawa. Hanyar sanin abin da ka rasa ba ta da wuya: hau sikeli kafin aiki da bayansa, da kaya marasa nauyi. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce. A mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a kan kowane kilo, a hankali cikin awanni, tare da abinci mai gishiri, domin wani kaso zai fita ta fitsari. In ragin ya wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinka, misali kilo 1.4 ga mai kilo 70, ƙarfi da natsuwa sun fara raguwa. Aikin da bai kai awa ɗaya ba, ruwa zalla ya isa, babu buƙatar lemon 'yan wasa.

Likitan Yara:
Koci, ka ƙara musu da ɗaya gefen, wanda ya sha ya wuce kima.

Mai Horar da 'Yan Gudu:
Gaskiya ne Likita. Ƙoda ba ta iya fitar da abin da ya wuce wajen lita ɗaya a awa. Mai gudun dogon zango da yake tsayawa kowace tasha yana ɗurawa, sodiyam ɗin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa da yadda ya kamata, ya fara ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa. Masifar ita ce alamun suna kama da na ƙarancin ruwa, sai a ƙara masa ruwan. Sikeli ne yake raba gardama: wanda ya gama gudu nauyinsa ya ƙaru, ba ruwa yake nema ba, likita yake nema.

Uwar Biyu:
To ina maganar kofi takwas a rana? Kowa yana faɗinta kamar doka.

Masanin Abinci:
Hajiya, ba doka ba ce, kintace ne mai sauƙin riƙewa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ba da lita 2 ga mace, lita 2.5 ga namiji, cibiyar nazarin lafiya ta Amurka (Institute of Medicine) ta ba da 2.7 da 3.7, kuma duka biyun sun haɗa har da ruwan da ke cikin abinci, wanda yake kai kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Kokwamba kashi 95 ruwa ce, kankana 92, lemun zaƙi wajen 87, madara ma haka. Mai cin 'ya'yan itace da miya mai ruwa-ruwa ba daidai yake da mai cin busasshen abinci ba. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai zazzaɓi, duk buƙatarsu ta fi. Abin dubawa mafi sauƙi shi ne fitsari: ruwan ɗorawa mai haske yana nufin lafiya lau, in ya yi duhu kuma ya yi kaɗan a ƙara sha. Sai dai mai shan ƙwayar bitamin B kada launin ya ruɗe shi, ita kanta tana rina fitsari.

Shayi da kofi daidai kima suna shiga lissafin ruwa, ga wanda ya saba da su ba sa busar da jiki kamar yadda ake faɗa. Barasa ce take danne sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa.

Mai Kula da Tsofaffi:
Allah ya saka da alheri. Amma shawarar nan da aka saba bayarwa, ta "sha in ka ji ƙishirwa", ba ta aiki a kan tsofaffi. Da shekaru jin ƙishirwa yana dusashewa, ƙoda ba ta tattala ruwa kamar da, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun tashin dare ko tsoron fitsari ya kufce musu. Tsunkulin fata ma ba ya faɗin gaskiya a jikinsu, fatar ta riga ta saki. Abin lura shi ne ruɗewa ta farat ɗaya, jiri in an miƙe, bushewar harshe, taurin bayan gida. Ba a tambayar dattijo ko yana jin ƙishirwa, miƙa masa ake yi: kofi ɗaya da kowane cin abinci, ɗaya da kowane shan magani, ɗaya tsakanin abinci da abinci, a tura yawancin zuwa safe da rana don dare ya yi sauƙi. Wanda ba ya son ruwa zalla a bi da shi ta madara, yogot, romo, kankana.

Mai Harhaɗa Magani:
Baba, ka taɓo inda nake so. Dattijon da ke shan maganin sa fitsari, ko wasu magungunan hawan jini, ko metfomin na ciwon suga, ko maganin ciwon jiki irin ibufurofen, in amai da gudawa suka kama shi, ƙodarsa tana cikin haɗari. A tuntuɓi likitansa a ranar, domin sau da yawa akan dakatar da wasunsu na kwana ɗaya ko biyu. Kada a yanke da kai. Mai ciwon ƙoda ko gazawar zuciya da aka ƙayyade masa ruwa, duk lissafin da muka yi a sama ba nasa ba ne, kuma ayaba da ruwan kwakwa masu yawa na iya hau masa da potasiyam.

Uwar Biyu:
Saura lemon kwalba da ruwan kwakwa. Mutane da yawa sun ɗauka su ne maganin mai amai.

Nas Mai Aikin Dare:
Lemon kwalba yana da sukari fiye da giram 100 a lita, sodiyam kuma kusan babu. Kwatanta da 13.5 na ORS. Zawon zai ƙara ne. Barinsa ya huce gas ɗin ya fita bai rage masa sukari ba, ƙara masa gishiri ma bai gyara shi ba. Ruwan kwakwa ya fi shi nesa ba kusa ba, yana da potasiyam sosai, amma sodiyam ɗinsa kaɗan ne, don haka ƙari ne ba madadi ba.

Likitan Yara:
Zan ɗan sassauta a waje ɗaya, Malama. An yi bincike a Kanada, aka wallafa a 2016, a kan yara daga wata shida zuwa shekara biyar waɗanda rashin ruwansu bai yi nisa ba. Waɗanda aka ba ruwan tuffa da aka tsinka rabi da rabi da ruwa, sannan abin shan da suka fi so, sun fi waɗanda aka tsare a kan ORS kaɗai tsira daga ƙarin ruwa ta jijiya, musamman waɗanda suka haura shekara biyu. Dalili a fili yake, sun yarda sun sha. Amma a lura da su wane ne: yara masu ƙoshi, ciwo mai sauƙi, asibiti a kusa. Ba a ɗaukar wannan a ɗora wa wanda zawonsa yake kama da ruwan shinkafa, irin na kwalara, ko jariri.

Sai yaron da ke da tamowa, wanda ya rame sosai ko ƙafafunsa suka kumbura. Shi ko ORS na yau da kullum ba a ba shi da lissafin mililita 75 ɗin nan, zuciyarsa ba za ta ɗauki sodiyam ɗin ba. Akwai haɗi na musamman, ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da ƙarin potasiyam, kuma a asibiti ake bayarwa ana auna bugun zuciya da numfashi.

Mai Harhaɗa Magani:
Malama Nas, na sauko rabi. A koyar da haɗin gida, amma da sharaɗin a nuna cokalin a ido, mai koyo ya haɗa da hannunsa a gaban mai koyarwa, ya ɗanɗana.

Nas Mai Aikin Dare:
Na karɓa. Cokalin roban da yake zuwa da maganin ruwa na yara yana da layin mililita 5 da na 2.5, shi ya fi dacewa a ware don wannan aikin: layin sama sau shida na sukari, layin ƙasa sau ɗaya na gishiri.